Baki Uku, Yatsa Ɗaya

4 ga Maris

Zuwa ga 'yata, kuma uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka lafiya, kin kuma samu ɗakin da ba ya yoyo. Mu nan lafiya lau, ban da gwiwata ta hagu da ke ta tsiyarta.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Shekara talatin da ɗaya ina karanta abin da mutane suka faɗa a waya suna zaton daga su sai Allah, don haka ba ni ne zan zuba cikina a cikinta ba. Direban da ke kai jakar wasiƙun ofis duk Talata mutumina ne. Shi zai riƙa kawo miki, ke ma ki riƙa ba shi hannu da hannu.

Mahaifiyarki ta ce kin yi kuka da aka tura ki ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli, wai ke da digiri har biyu a nazarin laifuka an haɗa ki da ƙura da kyankyasai. To share hawayenki. Ni da kike gani masinja na shiga gidan nan, da takardar sakandaren da ko ni ba na son fito da ita. Aikina ɗaukar fayil daga bene na ɗaya zuwa na huɗu. A kan matakala nake tsayawa in karanta, in na ji tafiya in rufe in yi kamar ina ɗaure takalmi. Shekara shida sannan aka ba ni keken rubutu. Ina cikin buga rahoto wata rana na ga lambar mota guda ta fito a takardun sashe biyu da ba sa ga-maciji da juna. Na kai wa ogan lokacin, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wa ya gaya maka?" Na ce idona. Daga ranar na zama mai nazari. Yau ba rahoton da zai shiga wurin darakta bai bi ta ƙarƙashin birona ba. Jan Biro suke kirana a bayan ido, suna zaton ban sani ba.

Kin tambaye ni ranar da za ki tafi yadda mutum ke daɗewa a aikin nan. Darakta tara na ga zuwansu da tafiyarsu, ban zama ɗan gidan ko ɗaya ba. Wanda ya jingina da oga, ranar da aka ɗauke ogan da ƙeya zai faɗi. Kada ki yi zancen aiki a motar ma'aikata. Kada zatonki ya yi miki daɗi har ki riƙa nema masa hujja. A kowane rahoto ki raba uku: wannan na sani, wannan zato nake, wannan ban sani ba. Masu digiri na ukun nan ne ke yi musu wuyar rubutawa.

Sai babbar. Masu kawo mana labari a ɓoye, mu ba mu sanin sunansu, lamba kawai muke gani, kowane sashe yana ɓoye nasa. Baki ɗaya jita-jita ce. Baki biyu, ki karkata kunne. Baki uku da ba su san juna ba, nan ne za ki sa hannu ki ce a tashi.

In kina son ganin yadda ake yi, nemo fayil ɗin siton magunguna, yana nan wurinku. Shekara goma sha ɗaya ke nan: aka yanke ƙofar ƙarfe da wutar walda, aka kwashe kaya, aka kashe masu gadi biyu. Wata uku manyan malamanmu suna zana taswira a bango, ba su gano komai ba. Ni na haɗa rahoto uku daga sashe uku, duka suna nuna wani mai walda. Yana gidan yari yanzu, ɗaurin rai da rai.

Ga albishir, amma ki riƙe bakinki. A watan Satumba za a buɗe makarantar horar da masu nazari, kuma darakta ya ce ni zan riƙe ta bayan na yi ritaya. Masinja zai koyar da masu digiri! Darasin farko kuwa, siton magunguna.

Ki ci abinci, ki daina zama da yunwa kamar uwarki. Allah ya yi miki albarka.

Ni ne kawunki.

*

18 ga Maris

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. A gaishe min da matar Kawu. Na gode da nasiha, na karanta ta ya fi sau biyar.

Ɗakin namu a ƙasa yake, taga ɗaya, fanka ɗaya mai kuka kamar akuya. Mu huɗu ne, muna ɗaukar hoton takardu muna zubawa a kwamfuta. Kuka ya ƙare, Kawu, har na fara son wurin.

Na nemo fayil ɗin kamar yadda ka ce. Sai dai akwai abin da na gani, kuma kwana tara ke nan ina juya yadda zan faɗa maka.

Ka san tun da aka haɗe sassan nan uku bara, an kawo katunan masu kawo labarinsu duka nan, a akwatin ƙarfe guda. Dattijon da ke riƙe da makullin idonsa ya yi rauni, sai ya ce in taya shi jera su. Na san ba ni da izinin ganinsu. Ban iya ce masa a'a ba. Lambobin da ke cikin rahotonka suna kaina: 37, 114 da 208. Da na zo kansu sai na jera su a tebur.

Kawu, mutum ɗaya ne. Hoto uku, a ɗaya yana da gemu, a ɗaya ya sa tabarau, amma zanen babban yatsansa ɗaya ne, da tabon yanka da ya ratsa tsakiya. Sashe uku ya yi wa rajista, kowanne yana zaton nasa ne shi kaɗai. A kati na 114 an rubuta sana'arsa: walda. Tsohon abokin sana'ar wanda aka ɗaure ne, sun rabu baram-baram.

Na koma na sake karanta rahotannin. Duka ukun sun ce shagon mai waldan yana bayan gidan mai. Amma takardar kamu ta nuna ya bar wurin wata bakwai kafin a fasa siton, a sabon shagonsa kusa da tashar mota aka same shi. Baki uku ba sa yin kuskure iri ɗaya sai in daga harshe ɗaya suka fito.

Ban ce mutumin nan bai yi ba. Na ce ba mu sani ba. Ban gaya wa kowa ba, kai na fara kawo wa. Wataƙila akwai abin da ban gane ba, ka fahimtar da ni.

Ka yafe min in na yi rashin kunya.

'Yarka.

*

25 ga Maris

Ke,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki.

Wata nawa kika yi a aiki? Ko ɗaya ba ki cika ba. Ko kujerar da kike zaune a kai ba ta gama sanin ki ba, har kin fara auna rahoton da darakta uku suka yaba. Ashe abin da ake koya muku a jami'a ke nan, yaro ya fara aiki da tonon kabarin na gaba da shi.

Bari in fara da abin da ya fi hatsari. Kin buɗe katunan da ba ki da izinin taɓawa, kuma kina cikin shekarar gwaji. Kin san hukuncinsa? Ba jan kunne ba ne, kora ce, irin wadda ake rubuta wa mutum a fayil ta bi shi duk inda ya nemi aiki. Shi kansa dattijon da ya ba ki makulli sai ya tafi da ke. Na ƙona takardarki da hannuna. Kada ki sake rubuta lambobin nan a ko'ina.

Sannan batun kansa. Ni ban taɓa ganin katin kowa ba, ba a nuna wa mai nazari. Lamba uku aka kawo min daga sashe uku, na bi ƙa'ida, na sa hannu. In akwai laifi, na waɗanda suka yi wa mutum ɗaya rajista sau uku ne. Kuma ni ban yanke wa kowa hukunci ba. Akwai masu bincike, akwai alƙali. Mutumin ya amsa laifinsa da bakinsa, yana cikin fayil ɗin, ko nan ne idonki bai kai ba? Masu gadi biyun da aka kashe fa? Ɗaya ya bar 'ya'ya biyar. Su ba su da fayil da za ki yi wa kuka?

Kin san wa ya nema miki aikin nan? Sau huɗu na hau bene na huɗu da wannan gwiwar, ni da ban taɓa roƙon kowa komai ba, ko ƙarin girmana ban roƙa ba. Na ce musu jinina ce, in ta yi kuskure a kama ni. Yanzu ga sakayya.

Aikin nan ba a daɗe a cikinsa da zafin kai. Na ga samari masu kaifin basira fiye da ke, yau ɗaya yana sayar da tayoyi, ɗaya ba a san inda yake ba. Duk gaskiya suka gani, suka rasa lokacin faɗinta. Ki ɗauki hoton fayil ɗin kamar sauran, ki mayar da shi inda yake. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Kada mahaifiyarki ta ji wannan zance, hawan jininta ya ishe ta.

Kawunki.

*

8 ga Afrilu

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina kuma ba ka haƙuri da ɓacin ran da na jawo. Ban manta hawa huɗun da ka yi domina ba, ba zan taɓa mantawa ba.

Na yi niyyar mayar da fayil ɗin kamar yadda ka umarta. Ina jera shafukansa sai na ga daftarinka na farko a maƙale a bayan bango, wanda ka gyara kafin a buga. A gefen inda aka ce "bayan gidan mai" akwai rubutu da jan biro: "Baki ɗaya?" Sannan an soke shi da layi biyu. Na san rubutunka, Kawu. Da shi ka koya min haɗa baƙi.

Amsa laifin na karanta. Na kuma karanta takardar likitan gidan yari ta ranar da aka kai shi: haƙarƙari uku a karye, kunnen dama ba ya ji. A kotu kuma jami'in bincike ya yi rantsuwa cewa majiya uku masu zaman kansu ne suka nuna shi, alƙali ya ambaci hakan sau biyu a hukuncinsa.

Akwai kuma sabon abu a saman fayil ɗin. Lauyarsa ta ɗaukaka ƙara, wannan ce ta ƙarshe, za a saurara ranar 20 ga Yuni. Ta rubuto wa hukumarmu tana tambaya ko majiyoyin nan uku daban-daban ne. Ofishin shari'a ya amsa mata cewa mai nazarin ya tabbatar, suna nufin rahotonka na wancan lokacin.

In ni na rubuta gyara, yarinya ce 'yar gwaji da ta leƙa inda ba a aike ta ba. In kai ka rubuta layi huɗu ka ce kana shakka, a duba katunan, kafin la'asar za a buɗe akwatin, ba sai sunana ya fito ba. Layi huɗu kawai, Kawu, kafin 20 ga Yuni.

Ina jiran amsarka.

'Yarka.

*

29 ga Afrilu

Uwata,

Wa alaikumus salam. Talata biyu direba ya zo ya tsaya a ƙofata, na ce masa babu saƙo. Yau akwai.

Rubutuna ne. Ba zan ce miki na manta ba, don ban manta ba.

Zauna in ba ki labarin watan da na rubuta rahoton, shekara goma sha ɗaya baya. An kawo mana sabon shugaban sashe, yaro ne, ya yi karatu a waje, yana da takardu kamar ya yi shimfiɗa da su. Ran da ya zo ya tambayi matakin karatun kowa a gaban kowa. Da aka zo kaina ya yi murmushi ya ce, "Baba, kai sai ka ci gaba da taimaka mana da gyaran rubutu." Aka yi dariya. Har masinjan da ya gaje ni ya yi dariya. Ya ce a ƙarshen wata duk wanda ba shi da digiri za a mayar da shi ɗakin buga takardu. Shekara ashirin ina nazari a lokacin.

Ana cikin haka rahotannin nan suka faɗo hannuna, ɗaya bayan ɗaya, cikin mako guda. Na ga "bayan gidan mai" sau uku. Na rubuta abin da kika gani. Abin da ya kamata in yi na san shi: in rubuta wa sassan uku su gwada katunansu. Amma wannan mako shida zai ci, in ma sun yarda, ni kuwa kwana tara ya rage min. Na ce wa kaina ai shago ne, mutane kan kira wuri da tsohon sunansa. Na soke. Washegari na shiga taron darakta na ajiye rahoton a gaban yaron nan. Wallahi har yau ina tuna fuskarsa. Bai kai shekara ba aka ɗauke shi, ni na zauna.

Da aka ce mutumin ya amsa laifi sai na ce alhamdulillahi, ashe daidai na yi. Takardar likita ban nema ba. Ban so in nema ba.

To kin ji. Ba wanda ya taɓa jin wannan, ko matata.

Yanzu ki saurare ni da hankali irin na aiki. In na rubuta layi huɗun nan yau, makarantar ta tafi. Za a ce dama mun faɗa, ga abin da ke faruwa in aka ba masinja biro. Duk rahoton da na sa wa hannu cikin shekarun nan za a tono shi, har na gaskiya, kuma mugaye na ainihi za su samu ƙofa. Amma in na shiga makarantar a Satumba, da kujera a ƙarƙashina, zan iya sa a sake duba tsofaffin fayiloli gaba ɗaya, nasa ya shiga cikin taro, a gyara ba tare da an yi terere ba. Kotu kuma ta saba ɗage zama, ni na san su, da wuya a zauna a Yuni. Wanda ya yi shekara goma sha ɗaya, wata huɗu ba za su kashe shi ba.

Ban ce ba zan yi ba. Na ce ki ba ni lokaci. Ki yi wa kawunki wannan, ki ajiye daftarin a wurinki, kada ki ɗauki hotonsa.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki.

*

10 ga Yuni

Auta,

Sallama da gaisuwa. Ya iyali, ya gwiwa? Maƙwabciyata malamar asibiti ke rubuta min, don 'yarka ta ce ba za ta sake rubuta maka komai ba, wayarka kuma kamar ta gawa, ba ka ɗauka.

Yarinya ta dawo gida mako guda ke nan da akwatinta. An dakatar da ita. Sai da na yi kwana biyu ina lallashi kafin ta gaya min. Ta ce ta jira ka wata guda cur, duk Talata tana tsaye a bakin ƙofa tana duban direba. Da ta ga shiru ta rubuta da sunanta ta kai ofishin shari'a. Ba su ko karanta abin da ta rubuta ba, tambayarsu ɗaya, wa ya ba ki izinin buɗe akwati. Tsohon nan mai makulli shi ma an sallame shi, saura wata biyar ya yi ritaya.

Kuma ka san abin da ya fi ƙona min rai? Ta ce akwai wata takarda mai jan rubutunka, ba ta haɗa da ita ba. Ta rufa maka asiri, ta tona nata. Takardar na nan cikin akwatinta, na gan ta.

Ni ban san aikinku ba, ban san lamba ba, ban san majiya ba. Amma na san ka tun kana yawo ba wando. Ran da ka fasa gilashin tagar makaranta aka zane ɗan maƙwabta a madadinka, kana tsaye kana kallo, sai bayan sati ka zo kana min kuka a bayan ɗaki. Kai ba mugu ba ne, Auta, kai dai kullum sai an gama dukan wani gaskiyarka ke isowa. Yanzu gemunka ya yi fari, har yanzu halin na nan?

Kullum kai ne na yi kaina da kaina, ba wanda ya ɗaga ni. To mun ji, mun yaba. Amma wannan karon kan mutane kake tsaye. Ɗan mutane yana rufe, 'yata tana kwance tana kallon silin, ba ta ci ba ta sha.

An ce kwamitin da ke binciken laifinta zai aiko maka da tambaya a rubuce, ko rahotonka na nan daram ko akwai shakka. An ce da amsarka za a yanke nata, kuma da ita lauya za ta shiga kotu. Saura kwana goma. Sunan uwarmu yarinyar nan ta ci. Ka tuna da wannan in ka ɗauki biron naka.

Ban da abin da zan ƙara. Allah ya shirye mu.

Yayarka.

*

14 ga Yuni

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙonki, na kuma ji zafinsa. Ba sai kin sa baƙuwa ta rubuta zancen gidanmu ba.

Tambayar kwamiti ta iso tun ranar Litinin, tana kan teburina. Sun ba ni mako uku in amsa, wato har ƙarshen wata. Ke ba ki san yadda ake rubuta irin wannan ba, kalma ɗaya in ta karkace sai ta kashe mutum uku. Ina neman lafazin da zai fitar da ita, ya buɗe akwatin, ba tare da ya rushe komai ba. Na yi daftari shida, na yaga. Na kuma tambayi wani da na sani a kotu, ya ce alƙali ɗaya ba shi da lafiya, kusan tabbas za a ɗage.

Darakta ya kira ni jiya ya ce, "Ka ga 'yar taka ta so ta ɓata maka suna, amma kada ka damu, mun san ka." Ban ce masa e ba, ki shaida, ban ce e ba.

Ki ce mata ta ci abinci. Ki ce mata ban manta da ita ba.

Ƙaninki.

*

9 ga Yuli

Uwata,

Assalamu alaikum. Ban san ko za ki karanta ba. Wannan ta gidan waya na aiko, don ba ni da direba yanzu.

Ba a ɗage ba. Sun zauna ranar 20, cikin minti arba'in suka kori ƙarar, suka ce babu sabuwar hujja. Amsata tana aljihuna a ranar, an buga, saura sa hannu. Na sa hannu ranar 24. Ba layi huɗu ba, shafi uku, har da abin da na rubuta na soke, da dalilin da ya sa na soke. An buɗe akwatin, an ga yatsan.

Makaranta an ba wani. An ce in tafi hutu har ranar ritayata, na kwashe kayana a kwali ɗaya. Naki kwamiti bai yanke ba tukuna, sun ce gaskiyar abin da kika gani daban, buɗe akwati daban. Na rubuta musu cewa ni na tura ki fayil ɗin, haka ma na rubuta kan dattijon. Ban san ko maganata na da sauran nauyi ba. Lauyar ta ce ƙofar kotu ta rufe, sai dai a nemi afuwa, wannan kuwa shekara biyu ko biyar, ko babu.

Shekaranjiya na je gidan yarin. Aka fito da shi, ɗan ƙaramin mutum, kai duk furfura, yana juyo min kunnen hagu. Ya ce, "Kai ne sabon lauyan?" Na ce a'a, ni ne na rubuta takardar da ta sa aka kama ka. Ya ce, "Mun taɓa haɗuwa?" Na ce a'a. Ya ce, "To me na yi maka?"

Ba da faɗa ya yi tambayar ba, so yake ya sani. Muna zaune har gandiroba ya ce lokaci ya yi.

An ce ana ziyara duk ranar Litinin. Zan koma.

Ki gaishe da mahaifiyarki.

Kawunki.